Tarihin Ogan Mai Bututu na Cocin Notre-Dame da Sake Gina Shi

1.0 Gabatarwa

Ogan mai bututu kayan busa ne da ake amfani da shi wajen ibada a cocin Katolika. Aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙera: ana tara iska, sannan a tura ta cikin bututai na kuza da dalma ko na katako, kowane bututu da irin muryarsa, tamkar sarewa dubu a hannun mutum guda. Wannan maƙala za ta dubi ogan ɗin cocin Notre-Dame da ke Paris, babban birnin Faransa.

2.0 Asali da Bunƙasa

An kafa ogan a wannan wuri tun farkon ƙarni na 15. François Thierry ya sake gina shi a wajajen 1733, sannan Aristide Cavaillé-Coll ya faɗaɗa shi a 1868, ba tare da ya zubar da duk tsofaffin bututan da ya tarar ba. Louis Vierne ya kaɗa shi daga 1900, kuma a gabansa ya rasu a 1937, yana cikin kiɗa. A yau yana da bututu kusan 8,000.

3.0 Gobara da Gyara

Ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufin cocin. Wuta ba ta taɓa ogan ɗin ba, amma ƙurar dalmar rufin, mai guba, ta shige cikinsa. Saboda haka a 2020 aka kwance shi, aka wanke bututan ɗaya bayan ɗaya, aka sabunta fatun tumakin da ke tare iska. An mayar da shi a 2023. Aikin da ya fi wuya shi ne daidaita murya, domin sai da dare ake yin sa, lokacin da hayaniyar magina ta lafa. Ranar 7 ga Disamba, 2024, aka sake jin muryarsa a bikin buɗe cocin.

4.0 Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, ba hannu ɗaya ya gina wannan ogan ba. Kowane zamani ya gyara abin da ya gada, ya ƙara nasa. Haka ma kakaki da algaita a fadojin ƙasar Hausa: muddin akwai masu sanin gyaransu, muryarsu ba za ta ɓace ba.