Sara daga sama: yadda malaman ƙwallon lambu suka daɗe suna ba da maganin da ba na cutar ba

Yaron da ya tashi a Tanda ya san sara tun kafin ya san allo. Ya riƙe fartanya a gonar shinkafa, ya yi faskare da gatari, kuma duka biyun daga kafaɗa ƙarfin ke saukowa. Da za a miƙa masa sandar ƙwallon lambu, wato golf, haka zai ɗaga ta ya rafko daga sama, ƙwallon ta karkace ta yi dama. Ba shi kaɗai ba ne. Wannan ita ce cutar da ta fi damun 'yan koyo a duk duniya.

Ga abin da ke faruwa. Idan mai bugu da dama ya kai sanda baya, kamata ya yi nauyinsa ya koma kan ƙafar hagu, ƙugu ya juya, sannan hannuwa su biyo baya, gwiwar hannun dama na kusa da haƙarƙari. Mai sara kuwa kafaɗarsa ke riga komai. Sandar sai ta fita waje, ta dawo ta yanki ƙwallon a gicciye, ƙwallon ta tashi tana juyi ta lanƙwasa.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana wasan, suka share filaye a Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Saboda ƙarancin ruwa, gefen rami a yawancin filayen nan yashi ne da aka cakuɗa da mai, ba ciyawa ba. 'Ya'yan talakawa ke ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, da ido suka koyi bugu, kuma daga cikin irinsu aka samu ƙwararrun gida.

A Amurka ma masu ɗaukar jaka ne suka sauya salon. Da can da itace ake yin gorar sanda, tana murɗewa, sai an lallaɓa ta da wuyan hannu. Hukumar wasan ta Amurka ta halatta gorar ƙarfe a 1924, ta Birtaniya ta bi sahu a 1929. Byron Nelson, wanda ya yi dakon jaka a Fort Worth ta jihar Texas, ya gane cewa ƙarfe ba ya son lallaɓa, ƙafafu da ƙugu ne za su ja ragama. A 1945 ya ci gasa 18, 11 daga ciki a jere.

Abokin dakonsa, Ben Hogan, shi ya rubuta littafin da ya fi kowane tasiri, Five Lessons, a 1957. Ya ce mai bugu ya ɗauka akwai faifan gilashi da ya jingina daga kafaɗunsa zuwa ƙwallo, kada sanda ta fasa shi. Misali ne mai kyau, domin mai sara kullum fasa gilashin yake yi. To amma akwai ƙura. Cutar Hogan kishiyar ta 'yan koyo ce: ƙwallonsa hagu take lanƙwasawa, shekaru tana hana shi cin gasa. Riƙon sanda da ya koyar na hana fuskar sanda rufewa ne. Dubban masu sara, waɗanda fuskar sandarsu dama a buɗe take, suka kwaikwayi riƙon, lamarin ya ƙara taɓarɓarewa. A ganina laifin ba na Hogan ba ne kawai. Malamai ne suka ɗauki maganin mutum ɗaya suka raba wa aji guda, ba tare da sun tsaya sun ga bugun kowane ɗalibi ba. Duk wanda ya taɓa koyar da yara sittin a ɗaki ɗaya ya san yadda hakan ke faruwa.

Wani kuskuren ya fi wannan daɗewa. An yi ta koyar da cewa hanyar da sanda ta bi ita ke nuna inda ƙwallo za ta fara nufa. A 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka fitar da sakamakon bincike a Birtaniya: sanda da ƙwallo na haɗuwa ne na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma inda fuskar sanda ke kallo shi ya fi rinjaye. Masu koyarwa da yawa suka yi kunnen uwar shegu. Sai da na'urar TrackMan, wadda aka ƙirƙiro a Denmark a 2003, ta riƙa auna kowane bugu da rada, ta nuna cewa da doguwar sanda fuskar ce ke da kusan kashi 85 cikin 100 na alƙiblar farko.

Wannan ya sauya gyaran. Mai sara sau da yawa yana karkata bugunsa hagu ne don ya tsere wa ƙwallon da ke gudu dama, wato saran kariya ce. Shi ya sa malamai da dama a yau ke fara gyara riƙo har fuskar sanda ta daidaita. Bayan nan sai su ajiye rigar kan sanda, ko gorar ruwa da babu komai a ciki, kaɗan a wajen ƙwallon, su ce wa ɗalibi ya buga ba tare da ya taɓa ta ba.