Jakar Wakilin Inshora: Tarihin Sana'ar Bin Gida-Gida a Ingila da Amurka

Inshorar rayuwa yarjejeniya ce da mutum yake ƙullawa da kamfani, yana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a lokutan da aka ƙayyade, a kan sharaɗin cewa idan ya rasu kamfanin zai bai wa magadansa wani adadi da aka amince da shi tun farko. Har tsakiyar ƙarni na 19 wannan harka a Ingila ta masu hannu da shuni ce, domin a shekara ko a rubu'in shekara ake biyan kuɗin a dunƙule, alhali leburan masaƙa da mahaƙin kwal albashin mako suke karɓa, kuma kafin mako ya zagayo ya ƙare. Abin da ya ja talakan Ingila zuwa ga inshora shi ne tsoron jana'izar matsiyata, wato hukuma ta binne mamaci a kabarin haɗaka ba tare da wata alama ba saboda iyalinsa sun kasa sayen akwatin gawa da filin kabari. Dokar 1832, wadda ta halatta miƙa gawar da ba a zo nema ba ga makarantun koyon likitanci domin a feɗe ta, ta ƙara wa wannan tsoro nauyi.

Kamfanin Prudential, wanda aka kafa a Landan a 1848, ya buɗe sashen inshorar ma'aikata a 1854, inda ake karɓar ko da kwabo ɗaya ne a mako, kuma tun da babu mai barin aikinsa ya je ofis domin ya biya kwabo, sai kamfanin ya aika da wakilai su riƙa bin gidaje. Dukan tsarin ya rataya ne a kan abin da wakilin yake ɗauke da shi. Na farko shi ne jadawalin farashi, ƙaramin littafi da masana lissafin mace-mace suka tsara, wanda yake nuna abin da kwabo ɗaya zai samar ga mai shekara 20 da abin da zai samar ga mai shekara 50, domin gwargwadon tsufan mutum gwargwadon ƙanƙantar abin da za a biya magadansa. Sai takardar neman shiga, wadda wakilin yake cikewa a tsakar ɗakin masu gida da suna da shekaru da sana'a da halin lafiya. Da yake kuɗin bai kai a kira likita ba, idon wakilin ne yake tantance ko tarin da maigida yake yi na mura ne ko na fuka.

Mafi muhimmanci a cikin jakar shi ne kundin karɓar kuɗi, wanda aka jera gidajen unguwa a cikinsa layi-layi, kowane gida da gurbin kowane mako. Wannan kundi yana da abokin tafiya da yake zama a gidan mai biya, wato ɗan littafin shaidar biya, kuma a gidaje da yawa uwargida ce take adana shi a kan kantar murhu, a bayan agogo, da kwabbai a kansa, ta yadda wakilin zai iya ɗauka ya sa hannu ko da hannunta yana cikin wanki. Wakilai sun fi zagayawa a ƙarshen mako, a ƙafa ko a kan keke, domin su riski albashin kafin mai gidan haya da mai kanti su raba shi. Wanda ya san mai karɓar kuɗin asusu da yake zagaya rumfunan kasuwa da katinsa yana yin alama a kowace rana zai gane yadda amana take ginuwa a kan 'yar takarda irin wannan. A ƙungiyoyi irin su Royal Liver ta birnin Libaful, wadda aka kafa a 1850, kundin ya zama kadarar wakili, yana iya sayar da shi ga wani idan zai bar aiki, kuma darajarsa tana bin yawan kuɗin da ake tarawa a cikinsa a mako.

Tsarin ya ƙetara Amurka a 1875, lokacin da John Dryden ya kafa wani kamfani a Newark wanda shi ma ya ɗauki sunan Prudential, sannan kamfanin Metropolitan ya bi sahu a 1879 har ya ɗauko gogaggun wakilai daga Ingila. A can jakar ta sami sabon kaya, domin daga 1909 wakilan Metropolitan sun riƙa raba ƙasidun kiwon lafiya, farawa da ta yaƙi da tarin fuka, suna kuma sanar da kamfani gidan da ake da majinyaci domin a tura ma'aikaciyar jinya. Wannan aikin alheri ne na gaske, ko da yake kamfanin ma yana cin ribar tsawon ran masu biya. A cikin jakar kuma akwai zalunci a rubuce, domin tun daga 1881 manyan kamfanoni suka fara rage abin da suke biyan baƙaƙen fata a kan kuɗi ɗaya da na farare, abin da ya taimaka wajen haɓakar kamfanonin baƙaƙe irin su North Carolina Mutual na 1898.

Babban aibin sana'ar tsadarta ne. Tara kwabbai daga miliyoyin ƙofofi kowane mako yana cin ladan wakilai da albashin magatakarda, har binciken hukumomin Birtaniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da talakawa suke zubawa yana ƙarewa ne a kuɗin gudanarwa. Bugu da ƙari, idan ciwo ko rashin aiki ya hana mutum biya na wasu makonni, yarjejeniyarsa takan faɗi, abin da ya zuba ya salwanta, kuma wakilin da ladansa ya dogara da sababbin masu shiga yakan lallashi uwargida ta ɗauki abin da ba za ta iya riƙewa ba. Dokar 1923 ta sa wa harkar mai sa ido, kuma rahoton William Beveridge na 1942 ya ba da shawarar a mayar da ita hannun hukuma, shawarar da gwamnati ba ta karɓa ba. Adalcin magana shi ne wakilin ya kai wa talaka rufin asirin da banki bai taɓa kai masa ba, amma talakan ya saye shi da tsada fiye da yadda mai kuɗi yake sayen nasa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙafar sana'ar ta fara sanyi, domin daga 1949 gwamnatin Birtaniya ta riƙa ba da tallafin jana'iza na fam 20, albashi ya koma banki, mata kuma suka fita aiki, wakili ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta maye gurbin kundi da jadawali a shekarun 1990, amma ba ta rage kuɗin zirga-zirga ba, kuma a 2001 kamfanin Prudential na Birtaniya ya rushe rundunar wakilansa masu zuwa gidaje.