Makamashin Nukiliya: Fa'idarsa da Makomarsa

Makamashin nukiliya ƙarfi ne da ake samu idan aka tsaga ƙwayar zarra ta ma'adinin yuraniyom. Zafin da ke fitowa shi ke tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injinan da ke samar da wutar lantarki.

Babbar fa'idarsa ita ce bayar da wuta dare da rana, rani da damina, ba tare da hayaƙin da ke ɗumama yanayi ba. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta ta wannan hanya. Sai dai gina tasha na cin maƙudan kuɗi da shekaru, kuma dagwalonta na buƙatar ajiya mai tsauri.

A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe sama da 20 sun ƙudiri aniyar ninka makamashin nukiliyar duniya sau uku nan da 2050. A Afirka, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, Masar kuma na gina tata. Najeriya, mai fama da ƙarancin wuta, ƙaramar na'urar bincike kawai take da ita, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004.