Tukunyar narkar da dalma

Tukunyar narkar da dalma wata na'ura ce da ake narka dalma a cikinta don zuba harsashi a mazubi. An fi amfani da ita a Amurka, inda maharba da masu wasan harbi da yawa ke haɗa harsasansu a gida don rage kashe kuɗi. Dalma tana narkewa a ma'aunin zafi 327.5 na Selsiyus.

Nau'o'i

Iri biyu ne. Akwai wadda ake ɗiban narkakkiyar dalma da ludayin ƙarfe, akwai kuma mai bututu a gindi, wadda ake ɗaga hannunta dalmar ta zubo kai tsaye cikin mazubi. Ta biyun ta fi sauri.

Farashi da ingantawa

Kamfanonin da suka shahara su ne Lee Precision da Lyman da RCBS. Tukunyar Lee Pro 4-20, mai ɗaukar kusan kilo 9, tana cikin masu araha, don haka sabbin shiga sukan fara da ita. Manyan tukwanen Lyman da RCBS sun ninka ta tsada. Maimakon sayen sabuwa, wasu kan haɗa wa tsohuwar na'urar daidaita zafi ta PID, domin zafin da ke hawa da sauka yana sa nauyin harsasai ya bambanta.

Haɗari

Dalma guba ce, musamman ga yara, shi ya sa ake aikin inda iska ke shiga sosai. Idan ruwa ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, tururi kan sa ta fantsama ta ƙona mutum.