Saitin wuta a motoci masu turbo: yadda ake gano matsala

Masu sha'awar gudu kan ƙara wa motocinsu ƙarfi ta hanyar ɗaura musu na'urar turbo, ko kuma ƙara matsin iskar wadda motar ta zo da ita. To amma sau da dama abin da kan biyo baya shi ne ƙwanƙwasa a cikin inji, da zafi, wani lokacin har da narkewar fistan.

Akasarin wannan ɓarna tana da nasaba da abu guda: lokacin da filogi yake ba da tartsatsi, wato abin da makanikai suke kira taimin.

Mene ne taimin?

Gaurayen fetur da iska ba ya ƙonewa nan take, don haka filogi kan kunna wuta tun kafin fistan ya kai ƙololuwar silinda. Ana auna wannan rata da digiri na juyawar karanshaf.

Idan mota tana tsaye injinta na aiki, ratar kan kasance wajen digiri 10 a injuna da yawa, tana kuma ƙaruwa yayin da injin ya ƙara sauri. Manufar ita ce ƙarfin ƙonewar ya kai matuƙa kimanin digiri 15 bayan fistan ya fara sauka.

Abin da turbo yake sauyawa

Turbo yana amfani da hayaƙin salansa wajen juya wata farfela da ke cusa iska cikin inji. Matsin ba ɗaya kan kusan ninka iskar da ke shiga silinda.

Iskar da aka matse tana da zafi, tana kuma saurin ƙonewa. Idan aka bar taimin yadda yake a da, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, mai ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Tana iya fasa gefen fistan ko ƙona gasket cikin 'yan daƙiƙoƙi, abin da kan kai ga bugawar injin baki ɗaya.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, duk lokacin da matsin iska ya ƙaru, sai a jinkirta tartsatsin.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Motar Oldsmobile Jetfire, wadda ta fito a Amurka a 1962 tana cikin motocin farko masu turbo, sai da aka riƙa fesa wa injinta ruwa da sinadarin methanol domin hana ƙwanƙwasa. A 1982 kamfanin Saab na Sweden ya fito da tsarin APC, mai sauraron ƙwanƙwasa ya rage matsin iska da kansa.

Alamomi

Idan tartsatsi ya yi wuri, akan ji ƙwanƙwasa yayin taka totur, musamman a kan hawa. Akan kuma ga ɗigo-ɗigon baƙi ko na alminiyam a farin kan filogi.

Idan kuwa ya yi latti, mota kan yi nauyi, ta yawaita shan mai. Man kan ci gaba da ƙonewa har cikin bututun hayaƙi, wanda kan yi ja don zafi, ya lalata bawul da farfelar turbo.

Matakan bincike

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa a sauya lissafin kwamfutar mota alhali laifin na wani ƙarfe ne ko tiyo. Shi ya sa ake bin matakai daki-daki.

Na farko shi ne karanta lambobin matsala ta kafar OBD-II, wadda ta zama tilas ga motocin Amurka tun 1996. Lamba P0300 tana nufin silinda suna tsallake wuta, P0325 tana nuni ga na'urar jin ƙwanƙwasa, P0335 kuma ga mai lura da juyawar karanshaf.

Na biyu, a haska alamar da ke jikin fulin karanshaf da fitilar taimin, a tabbatar digirin da kwamfuta take faɗa shi ne ainihin wanda ke jikin inji. Bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori ɗaya ya isa ya rikita komai.

Na uku, a duba tiyoyin iska. Idan ƙaramin tiyon da ke buɗe ƙofar rage matsi ya fice, matsin kan wuce kima. Idan kuma babban tiyo yana yoyo, mota mai auna iska tun daga mashiga kan fitar da baƙin hayaƙi.

Na huɗu shi ne mai. Cikakkiyar ƙonewa tana buƙatar nauyin iska 14.7 ga ɗaya na fetur, amma a ƙarƙashin matsi akan sauko da shi zuwa wajen 12 ko ƙasa kaɗan, domin rarar man tana sanyaya silinda. Famfon mai ko nozul da suka yi wa injin ƙanƙanta ba za su iya ba da wannan ba.

Na biyar, filogi. Matsi mai yawa yana wahalar da tartsatsi, don haka akan rage ratar bakinsa zuwa kimanin milimita 0.7, a kuma sa irin wanda yake saurin fitar da zafi.

Sai an kammala waɗannan ne ake taɓa kwamfuta, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda, da digiri ɗaya ko biyu, ana gwadawa.

Fetur da yanayi

Lambar oktan ita ce ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa. A Turai fetur na yau da kullum yana da lamba 95, ana kuma samun mai 98.

Motar da aka saita ta a kan mai 98 a ƙasa mai sanyi tana iya fara ƙwanƙwasa idan ta sha fetur mai ƙaramar lamba a zafin Kano ko Yamai, ko da babu abin da ya lalace a jikinta. Mai sayen irin wannan mota daga waje yana da buƙatar sanin man da aka saita ta a kai, ya kuma sa a rage matsin iskar kafin ya taka totur har ƙasa.