2.3 Taƙaitaccen Tarihin Samuwar Saki Achiga-hen

Kafin a shiga bayanin wannan fim na zane, ya dace a waiwayi matsayin wasan majon a ƙasar Japan. Majon wasa ne na mutum huɗu da ake yi da 'ya'ya 136. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma ya yaɗu a Japan a shekarun 1920. An daɗe ana kallonsa a matsayin cacar maza, shi ya sa labaran zane irin su Akagi na Nobuyuki Fukumoto suka ginu a kan 'yan caca.

A shekarar 2006 ne mujallar Young Gangan ta fara buga labarin Saki na Ritz Kobayashi, wanda ya ɗauke wasan daga gidan caca ya kai shi makarantar sakandare, inda 'yan mata ke gasa don neman kambin ƙasa. An mayar da shi fim a 2009. Daga jikinsa ne Achiga-hen ya tsiro a 2011 da zanen Aguri Igarashi, sannan kamfanin Studio Gokumi ya fitar da fim ɗinsa a 2012. Labarin ya shafi Shizuno, wadda ta farfaɗo da ƙungiyar majon ta makarantar Achiga da ke Nara, domin ta sake haɗuwa da ƙawarta Nodoka a gasar ƙasa.

Bisa ga wannan, za a iya cewa a nan zumunci da martabar makaranta ne suka maye gurbin kuɗi a teburin wasa.