Inda Magani Ya Ƙare, Jinya Ba Ta Ƙare Ba: Tarihin Hidimar Ikkilisiya ga Masu Bakin Mutuwa

A cikin aikin kiwon ikkilisiya babu wanda zai kauce wa ranar da likita zai ce an yi iyakar abin da za a iya yi. Daga nan iyalin majiyyaci sukan juyo ga fasto. Da yawa daga cikinmu an koya mana yin addu'ar warkarwa, amma ba a koya mana zama da wanda ba zai warke ba. Ikkilisiya ta sha fuskantar wannan hali, kuma a lokutan da ta fi aminci ga Ubangijinta ta rarrabe abu biyu: warkarwa, wadda take hannun Allah, da jinya, wadda aka danƙa a hannunmu.

Annobar ƙarni na uku

Wajen shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, wata muguwar annoba ta bazu a Daular Roma, ta yi fiye da shekara goma tana kashe mutane. A Kartaj, inda ƙasar Tunisiya take a yau, Bishop Kifriyanus ya rubuta wa jama'arsa ɗan littafi a kan mutuwa. Cikin abubuwan da suka dami masu bi har da wannan: me ya sa cutar take kashe Kirista kamar yadda take kashe wanda ba Kirista ba? Kifriyanus bai yi musu alkawarin cewa cutar za ta tsallake gidajensu ba. Ya tuna musu cewa muddin muna cikin duniya, jikinmu iri ɗaya ne da na sauran 'yan adam. Abin da annobar take gwadawa, a ganinsa, shi ne ko masu lafiya za su yi jinyar marasa lafiya, ko dangi za su tsaya wa danginsu.

A Iskandariya ta Masar, Bishop Diyonisiyus ya shaida irin wannan a wata wasiƙa da masanin tarihi Yusibiyus ya adana. Yayin da wasu suke gudu suna barin 'yan'uwansu a bakin hanya, masu bi da yawa sun zauna da majiyyata, sun rufe idanun waɗanda suka mutu, sun wanke gawarwakinsu, sun binne su. Da yawa cikinsu, har da dattawa da dikinoni, sun kamu da cutar sun mutu. Ba su da maganin annobar. Abin da suke da shi ruwa ne, da abinci, da hannu, da addu'a.

Wajen shekara ta 370, Basil, bishop na Kaisariya ta Kafadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya mayar da wannan hali ya zama tsari. Ya gina babban wuri a bayan gari domin matalauta, baƙi da marasa lafiya, har da kutare, waɗanda a zamanin ba a san yadda za a warkar da su ba.

Kuka da bege

Game da baƙin ciki kuwa, kakanninmu cikin bangaskiya ba su yi magana da murya ɗaya ba. Kifriyanus ya matsa wa jama'arsa kada su yi makoki ko su sa baƙaƙen tufafi, tun da wanda ya mutu cikin Almasihu ya riga mu tafiya gida ne kawai. Amma sa'ad da Monika, mahaifiyar Agustin, ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, ɗanta ya danne hawayensa har aka gama jana'iza, daga baya ya yi kuka shi kaɗai a gaban Allah. Ya rubuta wannan a littafinsa na furci, yana roƙon mai karatu kada ya yi masa dariya.

Muna ganin Agustin ya fi kusa da Nassi. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru (Yahaya 11:35). Masu tsoron Allah sun yi wa Istifanus babban makoki (Ayyukan Manzanni 8:2). Abin da Bulus ya hana a 1 Tasalonikawa 4:13 baƙin ciki ne marar bege, bai hana baƙin cikin kansa ba.

Sa'ad da asibiti ya juya baya

A ƙarni na 19 ilimin likitanci ya ci gaba a Turai, asibitoci suka mai da hankali ga waɗanda za su iya warkewa. Wanda cutarsa ta gagara sau da yawa ba shi da gado. Mata masu bi ne suka cike wannan giɓi. A birnin Liyon na Faransa, Jeanne Garnier, wadda ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu tun tana da ƙuruciya, ta haɗa kai da wasu gwauraye a 1842 domin jinyar mata masu ciwon da ba ya warkewa. Sistocin Katolika na ƙasar Ailan sun buɗe gidan jinyar masu bakin mutuwa a Dablin a 1879, sa'an nan gidan St Joseph a gabashin Landan a 1905.

A gidan St Joseph ɗin ne Cicely Saunders ta fara aiki a 1958. Ta fara da aikin nas, ta koma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibiti, daga baya ta karanta likitanci ta gama a 1957. Kirista ce 'yar cocin Angilikan. A 1948 ta yi jinyar wani Bayahude ɗan ƙasar Polan mai suna David Tasma, wanda ciwon daji ya kashe yana da shekara 40. Ya bar mata fam 500 domin gidan da take mafarkin ginawa. Sai a 1967 aka buɗe gidan, St Christopher, a kudancin Landan, bayan shekara 19.

Abu biyu ta koya wa duniya. Na farko, ta nuna cewa idan aka ba majiyyaci maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin ta baki, a kan lokaci, ba tare da jiran zafin ya dawo ya sa shi roƙo ba, yakan sami sauƙi kuma yana cikin hankalinsa. Na biyu, ta lura cewa zafin mai bakin mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai tsoro, akwai damuwar wa zai riƙe yara, akwai laifin da ba a furta ba da tambayar ko Allah ya yashe shi. Ta ce dole a dubi zafin gaba ɗayansa, saboda haka likita, nas, limami da iyali su yi aiki tare. Gidan ya kuma ci gaba da kula da iyali bayan rasuwa. Ita ma a can ta rasu a 2005.

Zuwa Afirka

An kafa Island Hospice a Harare ta Zimbabuwe a 1979. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita na mishan a kudu maso gabashin Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala. Ta ga cewa yawancin mutanen Afirka a gida suke so su ƙare kwanakinsu, saboda haka ma'aikata ne suke bin majiyyata gida. Ta kawo hanyar haɗa mofin na ruwa mai araha, kuma a 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince cewa irin wannan jinya sashe ce ta kiwon lafiya da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Darasi a gare mu

Muna da gado mai kyau. A garuruwanmu ba a barin gidan rasuwa shi kaɗai: maƙwabta suna zuwa gaisuwa, Zumuntar Mata tana dafa abinci, ana zaman makoki. Rauninmu yana kafin rasuwa da kuma bayan an watse.

Kafin rasuwa, akwai koyarwar da take cewa duk wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan tana ɗora wa majiyyaci nauyi na biyu a kan ciwonsa, tana sa iyali su sayar da gona suna yawo daga wurin addu'a zuwa wani, tana kuma hana mutum damar yin wasiyya, neman gafara da sa wa 'ya'yansa albarka. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:7-9), ya kuma bar Tarofimas ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Za mu ci gaba da yin addu'ar warkarwa bisa ga Yakubu 5:14, amma kada mu yi alkawarin da Allah bai yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan majiyyaci ya tambayi gaskiyar halinsa, mu taimaki likita da iyali su faɗa masa a hankali. Mu kuma koya wa jama'a cewa karɓar maganin zafi daga hannun likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Bayan an watse kuma, gwauruwa takan fi jin kaɗaici a wata na uku ko na shida, lokacin da ba mai zuwa. Ya kamata dattawa su tsara wanda zai riƙa ziyartarta, su kuma tsaya mata idan dangin miji suka taso a kan gida ko gona.

Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi (Ayuba 2:13). Kuskurensu ya fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa wahala. Ubangiji kuwa, a Matiyu 25:36, ya yaba wa waɗanda suka ziyarce shi yana rashin lafiya, bai tambaye su ko sun warkar da shi ba.